Ɗana yana amai duk bayan 'yan makonni, makaranta ta fara ƙorafi: ina mafita?

Maman Uku: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara fin ƙarfina. Ɗana na tsakiya shekararsa takwas, yana aji uku na firamare. Wata bakwai ke nan yana wani irin amai da na rasa gane kansa. Kullum da asuba yake farawa. Sai in ji motsinsa, in tashi in tarar ya yi fari fat, yana ta tara yawu a baki. Daga nan sai amai, ya yi ya yi har cikin ya ƙare, ya koma kakari. Ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Ba ya son a kunna fitila, ba ya son a yi masa magana, sai ya dunƙule ya juya fuska bango. Kwana ɗaya ko biyu ya miƙe garau kamar ba shi ba, ya ci abinci ya fita wasa. Bayan mako huɗu ko biyar abin ya dawo.

Sau uku muna zuwa asibiti. An gwada jini, fitsari da bayan gida, komai lafiya. Sau ɗaya aka yi masa ƙarin ruwa. Kowane zuwa likita daban muke tararwa, kowa ya ce wataƙila wani abu ya ci.

Zangon da ya wuce fashin kwana 13 ya yi. Shugabar makarantar ta kira ni ofis, ta dube ni ta ce, "Yaron da na gani jiya yana tsalle a fili, shi ne yau yake kwance?" Na rasa bakin magana. Ga dokarsu: duk yaron da ya yi amai sai ya ƙara kwana biyu a gida bayan ya daina, don haka ciwon kwana ɗaya sai ya ci mana uku. Babansa ma ya fara cewa ni nake shagwaɓa shi. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka min.

Baban 'Yan Maza: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Maman Uku, kada ki ji haushina, amma ki duba ranakun da kyau. Nawa ya taɓa yin haka, safiyar Litinin ciwon ciki da amai, ranar Asabar lafiya lau. Ashe wasu manyan yara ne suke tare shi a hanyar banɗaki. Kuma ba ƙarya yake ba, aman gaske ne, fargaba ce take juya masa ciki. Sai da muka fita yawo ni da shi kaɗai sannan ya faɗa min.

Anti Nas: Yaya, sannu da ɗawainiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen yara. Ba zan iya gaya miki ciwon ɗanki daga nan ba, wannan sai likita ya duba shi da hannunsa, amma bari in fara da abin da ba a jira a kansa. In kika ga aman ya fito kore shar, ko da jini, ko baƙi-baƙi kamar garin kofi, asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Haka in ya yi awa takwas bai yi fitsari ba, idanunsa sun faɗa, ko yana barcin da tashinsa ke wuya. Haka in cikin ya kumbura ko ciwon ya tsaya wuri ɗaya ya ƙi sauka. Akwai kuma waɗanda ake raina su: ciwon kai da ke tashinsa daga barci yana ƙaruwa mako bayan mako, tangaɗi a tafiya, ganin abu biyu-biyu, ko rama tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari. Na farkon yana sa a duba ƙwaƙwalwa, na ƙarshen a gwada sukari.

In babu ko ɗaya, aikinki a gida shi ne ruwa. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne miƙa wa yaro kofi cike saboda tausayi, ya kwankwaɗe, ya dawo da shi duka. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya yi amai ki jira minti goma, sannan cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. Abin da gajiyarwa, na sani, amma shi yake raba yaro da allurar ƙarin ruwa.

Sai babbar shawarata: ki sami littafi ki riƙa rubutawa. Ranar da ya fara, ƙarfe nawa, sau nawa ya yi, yaushe ya tsaya, ƙarfe nawa ya kwanta a daren, me ya ci, me ya faru a ranar da ta gabata, yana zuwa bayan gida daidai ko a'a. Likitan da ya ga yaro sau ɗaya yana amai, gurɓataccen abinci zai fara zargi, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda aka ajiye wa shafi mai ɗauke da tashi shida masu kama da juna, tunaninsa daban zai tafi. Ki nemi a tura ku wajen likitan yara guda ɗaya ku riƙe shi.

Ƙanwarku: Anti ki sayi maganin tsayar da amai ki ajiye a gida mana, da ya fara ki ba shi, shi ke nan ya tafi makaranta.

Anti Nas: Ƙanwata, a'a, ban da wannan. Irin su metokulofiramaid suna iya sa wuyan yaro ya sandare, idanunsa su kafe sama, harshe ya fito. Na ga iyaye sun shigo a gigice sun ɗauka farfaɗiya ce. Akwai wanda likitoci suka fi ba yara, ondansetiron, amma shi ma gwargwadon nauyin yaro ake auna shi. Kuma kada a ba yaro asfirin.

Uwar Marainiya: Maman Uku, ina karanta bayaninki gabana yana faɗuwa, kamar 'yata kike kwatantawa. Shekara biyu muka yi muna yawo kafin wata likita ta ce mana amai mai zagayowa ne. Ashe tsohon ciwo ne, wani likita a Landan mai suna Samuel Gee ya yi bayaninsa tun 1882. Alamarsa ita ce abin da kika faɗa: kowane tashi kamar na baya, lokaci ɗaya, tsawo ɗaya, a tsakani kuma yaro lafiyarsa ƙalau. Babu gwajin da ke nuna shi, sai an kawar da sauran cututtuka sannan a dubi tsarin zuwansa. Dangin ciwon ɓarin kai ne, shi ya sa likitar ta fara da tambayar ko akwai mai yinsa a gidanmu.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne masu tayar da shi. Na ɗauka sai ɓacin rai, ashe har murna. 'Yata in aka ce gobe za a yi tafiya, ba ta barci, asuba ta yi sai amai. Mura, rashin barci da daɗewa ba a ci abinci ba, duk suna cikin namu. Yanzu ƙarfe takwas da rabi tana kan gado ko hutu ake, kuma ba ta kwana da yunwa. Da ta ce min "Mama bakina ya fara", na san saura kamar rabin awa. In kashe fitila, in kori ƙannenta, in ba ta maganin da likita ya rubuta. In ta samu barci ya ɗauke ta, sau da yawa a nan yake tsayawa. Waɗanda nasu ya yi yawa ana ɗora su a kan maganin rigakafi na kullum, likita ne yake zaɓa bisa shekarun yaro. An ce mana da yawa suna rabuwa da shi in sun balaga, wasu kuma ya juye musu ciwon ɓarin kai. Ban ce shi ne ke damun ɗanki ba, amma ki ambata wa likita.

Malama Mai Aji Huɗu: Bari in yi magana ta ɓangarenmu. Mu rajista muke gani, ba ma ganin asubar da kike gani. Dokar kwana biyun nan don aman da ake ɗauka aka yi ta, irin wanda yaro ɗaya zai kawo ya kwantar da rabin aji. In likita ya rubuta cewa na ɗanki ba ya yaɗuwa, kina da hujjar neman a ɗage masa ita. Baki ba ya isa, takarda za ki kawo, ki riƙe kwafi.

Kuma ki je ranar da yake lafiya, ba ranar da aka kira ki ba. Ki zauna da malamin ajinsa ku yi yarjejeniya: in ya farfaɗo da hantsi a bar shi ya shigo ko rabin yini ne, a zaunar da shi kusa da ƙofa, ya fita banɗaki ba sai ya ɗaga hannu ba, a riƙa aiko masa da aikin da aka yi. Lissafi za ki fi sa wa ido, shi ne darasin yau ke hawa kan na jiya. Yaron da ya taɓa yin amai a gaban aji kunya kan sa ya fara jan ƙafa ko ya warke, don haka kada ki bar shi ya ƙara kwana a gida don lallashi.

Maman Uku: Allah ya saka muku da alheri. Jiya da dare na zauna na bi saƙonnin da nake tura wa malaminsa, na fitar da ranakun. Tashi shida ne. Baban 'Yan Maza, biyu a cikin hutu suka faɗo, ɗaya ranar Asabar, amma duk da haka zan tambaye shi mu biyu. Wani abin kuma: ɗaya daren da za a yi musu gasar gudu ne, ɗaya washegarin da muka dawo daga tafiya da tsakar dare. Uwar Marainiya, ni ce mai ciwon ɓarin kai tun ina budurwa, mahaifiyata ma haka, kuma ba wanda ya taɓa tambayata. Na nuna wa babansa shafin, ya daɗe yana kallo, ya ce shi zai kai mu. Malama, takardar likitan sai an gama gano ciwon ake bayarwa, ko zan iya karɓar ta wucin gadi?

Malama Mai Aji Huɗu: Ki karɓi ta wucin gadi. Layi uku ma ya isa: yana ƙarƙashin kulawar likita, ana kan bincike, ba mai yaɗuwa ba ne in likitan ya gamsu da haka. Ki ce ya sa hannu da hatimi da kwanan wata.