Wane suna za mu raɗa wa cryptic crossword da Hausa?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan suna. Akwai wasan nan na bayan jarida, wanda ake zana gidaje farare da baƙaƙe, mutum ya cike fararen da haruffa har kalmomi su sarƙe da juna, wasu a kwance wasu a tsaye. Turawa na ce masa crossword. Arthur Wynne ne ya fara fitar da shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913. Da ya isa Ingila sai suka ƙara masa yaji, suka fito da nau'in da suke kira cryptic, inda tambayar kanta tarko ce. Edward Powys Mathers ya shahara da shi a jaridar Observer tun 1926, da sunan aro na Torquemada. Har yau ban ga sunan Hausa da ya zauna wa ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Shawarar farko da aka kawo ita ce wasa ƙwaƙwalwa. Ba laifi, amma sunan ya yi yawa. Dara ma wasa ƙwaƙwalwa ce, haka Sudoku, haka lissafin da ake yi wa yara a rediyo. Wata malama ta ce cike gurbi, sai dai duk wanda ya yi firamare aikin aji zai tuna. Wani ya ce kalmomin gicciye, wannan kuwa Turanci ne aka sa wa hula. Akwai wanda ya ce hatimin boko, don gidajen sun yi kama da hatimin da malamai ke zanawa. Na yi dariya, amma a bar hatimi inda yake, kar a jawo mana surutu.

Kacici-kacici ya fi su matsowa kusa, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa. A kacici-kacici siffanta abu ake yi, kai kuma ka canka. Aka ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", tunaninka na kan tsintsiya ita kanta, babu ruwanka da haruffan sunanta. A wannan wasan kuwa da haruffan ake yaƙi. Kowace tambaya kashi biyu ce: ma'anar amsar kai tsaye, wadda kan zo a farko ko a ƙarshe, sai kuma dabarar da za ta gina maka kalmar harafi bayan harafi. Lambar da ke ƙarshe ita ce yawan haruffan. Jimlar gaba ɗaya kuma an tsara ta ne don ta kai hankalinka wani wuri daban.

Bari in gwada da wasanni. Waɗannan ni na ƙulla su:

Galan ya fashe a wasan 'yan ƙafa ɗaya (5)

Babu galan, babu fetur. "Ya fashe" umarni ne: ka watsa haruffan GALAN ka sake jera su, sai ka sami LANGA. Ragowar jimlar ita ce ma'anar. Ka ga hanya biyu sun kai ka gida ɗaya, kuma nan ne daɗin abin yake, don idan ka samu ba ka buƙatar kowa ya ce maka daidai ne.

Abin da gola ke karewa yana cikin tura gaba (4)

Nan ba a watsa komai ba. "Yana cikin" ita ce ishara. Duba tsakiyar "tura gaba", ƙarshen ta farko da farkon ta biyu: RAGA.

Ɗan cikin mangwaro, Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a 2014 (6)

Wannan ma'ana biyu ce aka jera ba tare da wata dabara ba: ƘWALLO. Irin wannan kuwa Hausa ta fi Turanci arzikinsa, saboda rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Langa ɗin nan ma ai kwanon abinci ce.

Wanda ya ɗauki cryptic na jaridun Ingila kuma zai ci karo da kurket, wasan nan na buga ƙwallo da sanda, ko yana so ko ba ya so. Idan ka ga duck, wato agwagwa, harafin O ake nufi, saboda haka ake kiran sifilin ɗan wasan da aka fitar bai ci ko ɗaya ba. A tanis love na nufin sifili, shi ma O. Ƙungiya takan zama XI, 'yan wasa goma sha ɗaya da lambar Romawa. R, C, B, W da M duk daga takardar rubuta makin kurket suka fito. Bahaushen da ya haddace Firimiya tun daga Arsenal har 'yan ƙasan tebur zai iya tsayawa cak a nan, ba don rashin Turanci ba, sai don bai taɓa kallon kurket ba. Namu in za mu yi, da dambe da kokawa da Kano Pillars za mu yi shi.

To ga abin da nake gani. Crossword gaba ɗaya mu ce masa saƙar kalmomi. Kalmomin kwance da na tsaye suna shiga juna ne kamar zare, in ka ɓata ɗaya sai ta ɓata maka maƙwabtanta. Tambayar nau'in nan mai sauƙi, wadda ke cewa "babban birnin Nijar" ka rubuta amsa, a kira ta manuniya. Ta cryptic kuwa ƙulli ce, wasan kuma saƙar ƙulli. Mai tsarawa masaƙi, mai amsawa yana warwara. Ban ƙirƙiro komai ba, tuntuni Bahaushe ke cewa wane ya kwana yana saƙa da warwara, wanda kuwa ya zauna da biro a kan ƙulli ɗaya tun hantsi har azahar ya san abin da ake nufi.

Wani ɗan uwa ya ja da ni, ya ce me zai hana saƙar zaurance, tunda cryptic ɓoyayyen zance ne. Hujjarsa na da ƙarfi, Malam, amma zaurance mabuɗi ɗaya gare shi. Da zarar ka gane gaɓar da ake cusawa, duk zancen ya buɗe. Nan kuwa kowane ƙulli da irin ɗaurinsa. Wani kuma ya ce saƙa na tuna masa saƙa da mugun zare. To ai masaƙan Ingila da kansu sunayen mugaye suke ara. Torquemada da Ximenes, wanda ya gaje shi a Observer a 1939, sunayen shugabannin kotun coci ne ta Sifaniya da ta yi ƙaurin suna wajen azabtarwa. A. F. Ritchie kuwa Afrit ya kira kansa, wato ifiritu. Duk da haka shi ne ya kafa ƙa'idar adalcin wasan: masaƙi na da damar ya ruɗe ka da yadda jimla ta fito, amma dole abin da yake nufi ya kasance a rubuce cikinta.

Saura batun gidaje, wanda sai an yanke kafin a buga ko da jadawali ɗaya. Ra'ayina, harafi mai ƙugiya gidansa daban: K ba za ta tsaya a madadin Ƙ ba, in ba haka ba kafa da ƙafa sun zama ɗaya. SH da TS ne ke ba ni wahala. A aji an koya mana kowannensu baƙi ɗaya ne, amma in aka cusa su gida ɗaya, kalmar da za ta ratsa ta wurin dole ita ma ta ƙunshi SH, sai aikin masaƙi ya yi tsanani. Na fi son a ba su gida bibbiyu, SHARO ya zama 5. Malaman Hausa, ku ne da wannan hukuncin.

Ga ɗaya ku warware, wanda ya kasa ya ba ni gari:

Barcin dare, ko bugu daga gindin tuta (5)