Wane suna za mu raɗa wa "psychedelic folk" da Hausa?

Malama Mai Fassara: Assalamu alaikum. Malamai da masana kiɗa, ana neman gudummawarku kan wani suna. Akwai nau'in kiɗa da ya taso a Birtaniya da Amurka a tsakiyar shekarun 1960, masu shi suna ce masa psychedelic folk. Waƙoƙin ƙauye ne da jita marar lantarki, amma an jirkita su har mai sauraro ya ji kamar ƙasa na juyawa da shi a hankali. Fassarar da ke saurin zuwa baki ita ce "kiɗan gargajiya na 'yan maye", kuma ba ta kwanta mini ba. Me kuka gani?

Na-Zazzau: Wa alaikumus salam, Malama. A fara da asalin kalmar. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila mai aiki a Kanada, Humphry Osmond, shi ya ƙirƙiro ta a 1956 cikin wasiƙar da ya aika wa marubuci Aldous Huxley. Kalmomin Girka biyu ya haɗa: ɗaya na nufin rai ko zuciya, ɗaya na nufin bayyanarwa. Wato abin da ke fito da ɓoyen zuciya fili. Gaskiya ne don ƙwayoyi irin su LSD ya yi kalmar, amma babu "maye" a cikin jijiyarta. Idan ma'anar asali za a bi, "kashafi" ta fi kusa.

Baba Mai Garmaho: Na-Zazzau, kashafi kalmar mutanen ɗariƙa ce, buɗi ne da Allah ke yi wa bayinsa na gari. Ba a ɗora ta kan kiɗan jita. Haka "jazaba" da "shauƙi", da jin su hankali zai tafi wurin bandiri da zikiri. "Maye" kuma ƙarya za ta yi wa rabin masu kiɗan. Linda Perhacs, wadda ta yi faifan Parallelograms a 1970, ma'aikaciyar asibitin haƙori ce a Kalifoniya. Suna daga abin da kunne ya ji ake ciro shi, ba daga abin da ake zaton makaɗi ya haɗiya ba.

Auta: Baba, to me zai hana a ce "borin Turawa"? Kowa zai gane da jin farko.

Ɗan Damagaram: A'a, ƙanena. Kiɗan bori aiki ne da shi: kowane iska da takensa da kirarinsa, ana goga goge ko a kaɗa garaya da ƙwarya don a kira shi ya hau dokinsa. Wannan kuwa ba ya kiran kowa, zama ake a saurara. In ka ce bori ka yi wa kowane ɓangare rashin adalci.

Amma tunaninka bai faɗi ƙasa banza ba, don akwai zare na gaske da ya ratso Afirka. Robin Williamson na ƙungiyar Incredible String Band ta birnin Edinbara ya tafi Maroko bayan faifansu na farko na 1966, ya dawo da gimbiri, molon Arewacin Afirka mai fata a fuska, dangin garaya da gurmi, ya riƙa goga shi da baka kamar goge. Ana jin sa a faifansu na 1967. Kafin shi Davey Graham ya je Marokon, kuma shi ya yaɗa ɗaurin jita da ake kira DADGAD don jita ta iya bin kiɗan udu.

Malama Mai Fassara: Malam, a warware mana wannan ɗauri. In mun san abin da ke kawo baƙon sautin, sunan zai zo da sauƙi.

Ɗan Damagaram: Jita tsirkiya shida gare ta. Ɗaurin da aka saba, daga mai kauri zuwa siririya, shi ne E A D G B E, wato haruffan da Turawa ke kiran muryoyin kiɗa da su. Sai a sassauta uku: ta shida, wato mai kaurin, daga E zuwa D, ta biyu daga B zuwa A, ta ɗaya daga E zuwa D, kowace taki guda cikakke. Ta biyar da ta huɗu da ta uku ba a taɓa su. In ka kaɗa dukkansu a sake, D uku ne, A biyu, G ɗaya. Babu muryar nan da ke sa kunnen Bature ya yanke cewa wannan sautin murna ne ko na baƙin ciki, sai ya tsaya a rataye tsakani. Babban yatsa ya riƙa dukan D mai kauri ba tsayawa, sauran yatsu su yi waƙa a kan tsirkiya ɗaya ko biyu a sama.

Abu biyu ke ɓaci. Tsirkiyar da aka sassauta takan kwanta ta riƙa zizar ƙarfen wuyan jita, musamman ta shida, maganinta a sa mai kauri fiye da wadda aka saba. Na biyu, da zarar an rage wa wuyan nauyi yakan miƙe kaɗan, sai ukun da ba a taɓa ba su ɗan hau sama. Dole a sake bi ta kan shidan sau biyu kafin ɗaurin ya zauna.

Wannan muryar da ba ta yankewa a ƙasa, ita ce ƙashin bayan kiɗan. Turawa na ce mata drone. Ni "shimfiɗa" nake ganin ta dace, don a kanta komai ke zaune.

Na-Zazzau: Shimfiɗa ta yi. Ita sitar ɗin Indiya ke bayarwa, ita dalsima, abin kiɗa mai tsirkiya na mutanen duwatsun Afalashiya a Amurka, ke bayarwa, ita ce kuma gajeriyar tsirkiya ta biyar a banjo, wadda ke da 'yar'uwa a jikin akontin, molon ƙabilar Jola ta Sanagal da Gambiya. Sauran baƙuntar a ɗakin ɗaukar sauti ake ƙara ta. Ana juya zaren tef a kunna shi ta baya, sai sautin ya taso a hankali ya kumbura ya yanke kwatsam, akasin tsirkiya da ke farawa da ƙarfi ta mutu sannu. Ana kuma yin amsa-kuwwa da tazarar da ke tsakanin kan na'urar tef da ke ɗaukar sauti da kan da ke karanta shi: in tazarar inci ɗaya da rabi ce, tef na gudun inci 7.5 a daƙiƙa, kuwwar za ta dawo bayan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. A rage gudun da rabi, jinkirin ya ninka.

Baba Mai Garmaho: Duk wannan ado ne, 'ya'yana. Baƙuntar tana cikin tsoffin waƙoƙin tun kafin a haifi masu tef. Francis James Child na jami'ar Harvard ya tattara waƙoƙin labari 305 na Ingila da Sikotilan, aka buga su daga 1882 zuwa 1898. Ku duba ta 10. Wata yarinya ta tura ƙanwarta kogi saboda kishin saurayi. Wani makaɗi ya tsinci gawar, ya sassaƙa molo da ƙashin ƙirjinta, ya yi tsirkiya da gashinta. Da aka kai molon gidan biki, sai ya kama waƙa da kansa yana faɗin wadda ta yi kisan. Ƙungiyar Pentangle ta rera ta a faifanta na 1970, ba ta buƙaci ƙara wa labarin komai ba.

A Amurka kuma Harry Smith ya zaɓo waƙoƙi 84 daga tsoffin fayafayan garmaho na ƙarshen shekarun 1920 da farkon na 1930, kamfanin Folkways ya fitar da su a fayafai shida a 1952. Daga wannan rijiyar samarin Niyok suka sha. Cikinsu akwai Holy Modal Rounders, waɗanda a 1964 suka cusa kalmar psychedelic cikin wata tsohuwar waƙa da suka sabunta. Don haka duk sunan da za mu raɗa, kada ya yar da tsufan abin.

Malama Mai Fassara: Ga rigima ta biyu ke nan, Baba. "Gargajiya" a wurinmu ta haɗa da Narambaɗa da Ɗanƙwairo, makaɗan fada masu ubangida. Abin da Turawa ke nufi da folk ya fi kama da waƙar daka da ta niƙa da ta raino da gaɗa, waɗanda ba a san mai su ba. Ko "waƙoƙin jama'a" za mu ce?

Na-Zazzau: Malama, "makaɗan jama'a" riga tana da mai ita a nazarin waƙar baka, su Shata ake nufi, masu yi wa kowa waƙa ba sarki kaɗai ba. In muka ɗauko ta ɗalibai za su ruɗe. "Waƙar ƙauye" kuma tana da ƙanshin raini. A bar gargajiya. Ta fi folk faɗi, amma ba ta yi ƙarya ba, kuma kunne ya san ta.

Ɗan Damagaram: To ga tawa. Hausa na da "mafarkin ido biyu": mutum na farke, yana ganin abin da sai a barci ake gani. Babu zargin shaye-shaye a ciki, babu taɓa addini, babu iskoki. Kuma ya dace da molon da ke tona asiri kamar yadda ya dace da tef ɗin da aka juya. Cikakken suna: kiɗan gargajiya na mafarkin ido biyu. A baki a gajarta: gargajiyar mafarki.

Auta: Yaya, ba za a ɗauka waƙar fassarar mafarki ce ba? Kuma in mutum ya rubuta haka a intanet ai ba abin da zai fito masa.

Ɗan Damagaram: Shi ya sa a ambaton farko za a kawo cikakken sunan tare da na Turancin, daga nan a ci gaba da gajeren. Wajen nema kuwa dole sai da kalmomin masu abin, kuma sun fi ɗaya. Na shekarun 1960 da 1970 ana samun su da psych folk ko acid folk. Na bayan 2000 da freak folk, ko New Weird America, laƙabin da David Keenan ya yaɗa a mujallar The Wire a 2003. Hanya mafi kai wa ga ruwa ita ce bin sunayen bayan faifai. A Discogs, shafin intanet na bayanan fayafayai, ka buɗe faifan da ya burge ka, ka danna sunan wanda ya shirya shi. Sunan mai shirya faifai Joe Boyd kaɗai zai ɗauke ka daga Incredible String Band zuwa faifan Vashti Bunyan na 1970, wanda bai yi kasuwa ba sai da aka sake fitar da shi a 2000. In kuma saiwar waƙa kake so, nemi lambarta a jerin Roud, mai ba kowace tsohuwar waƙar gargajiya ta Turanci lamba, a shafin ɗakin karatu na Vaughan Williams da ke Landan. Waƙar 'yan'uwa matan nan lamba 8 ce a can. Da lamba ake nema, don waƙa guda takan canza suna daga gari zuwa gari.

Baba Mai Garmaho: Wanda kuma Allah ya haɗa shi da tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti, ya kiyaye abu uku. Kada ya goge shi da sifirit, yana narkar da ƙaron da aka yi shi da shi. Ruwa kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, a bar shi ya bushe. Kada ya sa masa allurar faifan zamani, ta yi siriri, za ta nutse gindin layin ta kwaso shuu maimakon waƙa. Tasa allurar ta ninka waccan kauri kamar sau huɗu. Kuma ba kowane ne aka ɗauka a kan 78 daidai ba, in murya ta yi kama da ta yaro ko ta yi nauyi, a gyara gudun. Mai son ji kawai ya shiga shafin Internet Archive, dubbai na nan an kwafe.

Batun suna, na bi Ɗan Damagaram.

Na-Zazzau: Ni ma. Sai dai a lura, siffar za ta yi mana aiki a wasu wuraren: kiɗan rok na mafarkin ido biyu, zanen mafarkin ido biyu. Amma in ana maganar ƙwayoyin kansu a rubutun likitanci, kada a yi musu wannan ado, a ce ƙwayoyi masu jirkita gani da ji.

Malama Mai Fassara: Madalla, Allah ya ƙara sani. Abin da zan rubuta ke nan: "kiɗan gargajiya na mafarkin ido biyu" a farko, "gargajiyar mafarki" daga baya, "shimfiɗa" ga muryar ƙasa marar yankewa. Saura freak folk, don "gargajiyar mahaukata" da wasu za su yi saurin cewa ba ta dace ba. Baba, ko "baƙuwar gargajiya"?

Baba Mai Garmaho: Baƙuwa za a ji kamar daga wata ƙasa ta zo, 'yata. Ki gwada "bauɗaɗɗiyar gargajiya", wadda ta bar hanyar da kowa ke bi.