Wai me za mu kira "fellowship" da Hausa?

1/ Daren jiya a gidanmu da ke Tudun Wada, ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ta duƙufa kan waya tana cike fom. Baba ya ce na mene ne? Ta ce, "Baba, fellowship ne." Ya ce ta faɗa da Hausa. Ta ce tallafin karatu. Ya ce, "To ba kin gama karatun ba?" Ta rasa ta cewa. Ni ma haka, kuma abin ya tsaya mini a rai.

2/ Tallafin karatu bai dace ba, don ba digiri ake zuwa nema ba. Fellowship na Mandela Washington, wanda aka fara a 2014, an tsara shi ne na mako 6 a jami'o'in Amurka, ga masu shekara 25 zuwa 35. Na Kashim Ibrahim, da gwamnatin Kaduna ta buɗe a 2018, an tsara shi ne na shekara guda ana aiki a ma'aikatu. Masu irin wannan shiri sun fi tambayar me ka riga ka yi wa jama'arka, da kuma wa zai shaide ka.

3/ Zumunta fa, tunda ita ma fassarar fellowship ce? 'Yan'uwanmu Kirista sun daɗe da ita, Zumuntar Mata kowa ya san ta a Kaduna. A bar musu abarsu.

4/ Ni dai na tsaya kan zauren jagoranci. Ku tuna karatun zaure. Magidanta ne, tela da ɗan kasuwa da malamin makaranta, kowa da sana'arsa, suna zama gaban malami bayan asuba ko magariba. Ba takardar shaida ta kai su ba, kuma abin da ɗalibi ke tsinta daga karatun na kusa da shi ba kaɗan ba ne. Wanda aka ɗauka sai ya zama ɗan zaure, mace 'yar zaure, wanda ya kammala tsohon ɗan zaure.

Jagoranci na zaɓa, ba shugabanci ba, domin da an ce shugaba kujera ke zuwa mana a rai. Jagora kuwa gaba yake shiga ya nuna hanya.

5/ Wani malamina ya ce yanzu kowane taron WhatsApp zaure ne, kalmar ta yi araha. Gaskiyarsa, shi ya sa ba za a faɗe ta ita kaɗai ba.

6/ Da safe ƙanwar tawa ta ce, "Baba, zauren jagoranci nake neman shiga." Ya ce, "Su wa ke koyarwa a zauren?"