Taƙaitawa: Shin Bayani Mai Sauƙi Ya Fi Kusa da Gaskiya?

Jama'a, ga abin da na tsinta daga muhawarar da muka sha a nan Katsina.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da bayanin da bai buƙaci zato da yawa ba. Babur ya ƙi tashi, a leƙa tanki da fulogi kafin a ce a sauke inji.

2. Dalili: duk zaton da ka ƙara, ƙofar kuskure ce. Idan zato biyu marasa alaƙa da juna kowanne rabi da rabi ne, yiwuwar su tabbata tare kashi 25 cikin 100 ce kawai. An tuna cewa ana jingina ƙa'idar ga Wiliyam na Okam, malamin Ingila na ƙarni na 14.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce sauƙi alamar gaskiya ce. Wasu suka ce a'a, hanyar fara bincike ce kurum, suka kawo misalin Kepler, masanin taurari: da'ira ta fi sauƙi, amma a 1609 ya nuna duniyar Mars ba ta bin cikakkiyar da'ira wajen zagaya rana. Ni dai ina bayan waɗannan.

4. Ma'aikatan lafiya sun ja kunne sosai, kuma sun yi daidai. Zazzaɓi da damina galibi na cizon sauro ne, amma a yi gwaji. Yaro na zazzaɓi da zafin bazara, wuya ya sandare, a garzaya asibiti, don sanƙarau ba ya jira. Mutum ɗaya ma yana iya ɗauke da cuta biyu.

5. Ba a daidaita kan yadda ake auna sauƙin kansa ba.