Tambaya: wane kuloci zai riƙe injin da aka ƙara wa ƙarfi?

Masana, ina neman shawararku. Motar mai inji lita 2.0 ce da turbo, giyar hannu shida. Bayan an sake saita kwamfutar injin, ƙarfin juyi ya tashi daga 280 Nm (Newton-mita, ma'aunin ƙarfin juyi) zuwa 400 Nm. Yanzu idan aka take totur a giya ta huɗu ko ta biyar, wajen juyi 3,000 a minti, allurar da ke nuna juyin inji sai ta haura amma gudu bai ƙaru ba, ga ƙaurin ƙuna. An duba, babu yoyon mai a kan faifan kulocin, sulɓi kawai yake yi.

Inda na tsaya shi ne zaɓi. Faifai mai cikakkiyar fuska da farantin matsi mai ƙarfi yana kamawa a hankali, sai dai zafi na saurin cinye shi, feda kuma ta yi nauyi. Na seramik mai kunne shida yana jure zafi, amma fizga yake yi a cunkoso, yana kuma cin fuskar filawil, wato faifan ƙarfen da ke jikin inji wanda kuloci ke kamawa. Motar kuwa kullum tana kan titi.

Filawil ɗin mai ɓari biyu ne. Zai jure 400 Nm, ko dole a koma mai ɓari ɗaya a haƙura da ƙarar giyabos?

Adadin ƙarfin juyin da masu ƙera kuloci ke rubutawa kuma, na inji ne ko na taya? Rarar nawa ya kamata a bari a kan 400 ɗin?