Koya wa jarirai alamun hannu kafin bakinsu ya buɗe: abin da iyaye suka gani

Wata uwa mai goyo: Assalamu alaikum. Ɗana yana da wata bakwai, kuma ina so in fara koya masa alamun hannu domin ya riƙa nuna mini abin da yake so, maimakon kukan da nake rasa gane kansa. Sai dai wasu suna tsorata ni cewa yaron da ya saba da nuni yakan yi nauyin baki. Ina roƙon waɗanda suka gwada su faɗi abin da suka gani da idonsu.

Uwar 'ya'ya uku: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Autata na koya wa, kuma da alamu uku kawai na fara: nono, wanda ake dunƙule hannu ana buɗewa kamar mai tatsa; ƙari, wanda ake haɗa kan yatsun hannu biyu; sai an gama, wanda ake ɗaga tafin hannuwa ana juya su. Abin da ya fi wuya shi ne jira, domin na daɗe ina yi tana kallona kawai, har sai da ta kusa wata goma sannan ta mayar mini da alamar farko. Kada ki sa rai zai yi ta daidai yadda kika nuna masa, saboda yatsunsa ba su ƙware ba tukuna; tawa tafi take yi idan tana nufin ƙari, kuma da ban sa ido ba da na ɗauka wasa take yi. Daga baya ta mayar da wannan alama ta komai, ko waƙa take so a maimaita, ko lilo, ko a sake ɗaga ta sama. Nauyin baki kuwa ban gan shi ba. Duk kalmar da ta iya furtawa, da kanta take barin alamarta, domin faɗa ya fi mata sauƙi.

Wani uba: Ni da shakka na shiga lamarin, don haka na bi diddiginsa. Masu bincike biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka, Linda Acredolo da Susan Goodwyn, su ne suka yayata shi tun daga shekarun 1980, kuma binciken da suka fitar a shekarar 2000 ya nuna cewa yaran da aka koya wa alamu sun ɗan yi wa tsararsu gaba wajen magana. Amma wani bincike da aka yi a Jami'ar Hertfordshire ta Ingila, wanda ya fito a 2013, bai sami wannan fifiko ba a tsakanin yara masu lafiya. Abin da ya gano shi ne iyaye mata da suka yi amfani da alamu sun fi lura da motsin 'ya'yansu. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a gidana. Yarona bai riga kowa magana ba, bai kuma makara ba, amma ni da nake miƙa shi ga mahaifiyarsa da zarar ya fara kuka, sai ga ni ina duban hannunsa in ga me yake cewa. Saboda haka duk wanda ya ce miki alamu za su ƙara wa yaro ƙwaƙwalwa, ya faɗi abin da ya wuce hujja.

Malamar renon yara: Gaskiya ne, Malam. A wurin aikinmu, yaran da abin ya karɓe su su ne waɗanda ake haɗa musu alama da kalma lokaci guda, ana kallon fuskarsu, kuma a daidai lokacin da abin yake faruwa, wato a yi alamar ruwa ga kofin ruwan a gabansa. Tsarin alamun hannu mai suna Makaton, wanda aka ƙirƙira a Ingila a shekarun 1970 domin masu matsalar magana, shi ma a kan wannan ƙa'ida aka gina shi. Inda nake ganin ana samun cikas shi ne idan uwa tana da alamarta, mai reno tana da tata daban, ko kuma yaro ya yi alama a rasa mai gane ta, sai fushinsa ya fi na da. Ki nuna wa duk mai ɗaukarsa alamun da kika zaɓa.

Wata kaka: 'Yata, ai kin riga kin fara ba ki sani ba. Yaron da ya miƙa hannuwa sama don a ɗauke shi, ko ya kaɗa kai don ƙi, ko ya ɗaga hannu idan baƙo zai tafi, wa ya kai shi makaranta? Ki ɗora a kan waɗannan.

Uwar yaro mai ƙarancin ji: Ina da jan hankali guda. Ɗana yana kama alamu da sauri, har muna murna, ashe ji ne ba ya yi sosai, kuma iya nunin nasa ya sa ba wanda ya yi saurin zargin komai. Maganar hannu ta kurame cikakken harshe ce mai nahawunta, ba 'yan alamun nan da muke tsinta ba, kuma ita ce ta zama harshen gidanmu yanzu. Idan yaro ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko ba ya gwalantun jarirai, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, a kai shi a gwada jinsa, komai yawan alamun da ya iya.

Uwa mai goyo: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Akwai alamar ciwo kuwa? Ita na fi buƙata.

Uwar 'ya'ya uku: Akwai. Ana karo da kan manuniyar hannu biyu a kusa da wurin da ke ciwo, amma takan zo a makare fiye da sauran, domin sai yaro ya ji zafin za ki iya nuna masa ita. Ki riƙa yin ta duk lokacin da ya buge ko haƙori yake damunsa, kina cewa "ciwo", kuma idan ke kika buge ki yi ta a gabansa ya gani.