Koyo ta hanyar aikin bincike a firamare: wanne ya yi, wanne ya lalace?

Malamar aji 4, Zariya
Assalamu alaikum malamai. A duk bitar da ake shirya mana sai an nanata a bar yara su koyi abu ta hanyar aikin da suka yi da hannunsu, wanda wasu ke kira furojet. Faɗa da baki ba wuya. Amma aji mai yara 70 zuwa 80, darasi minti 35, babu kabad mai makulli, ga awaki na ratsa harabar makaranta. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mana aikin, kayan da ya ci, makonni nawa, da inda ya lalace.

Malamin kimiyya, Kano
Wa alaikumus salam Malama. Fara da tsiron wake, mako biyu ya isa. Tambayar da za ki rubuta a allo: me iri yake buƙata kafin ya tsira? Kowane rukuni ya kawo gwangwanin madara huɗu da ƙwayar wake 20, biyar a kowane gwangwani. Na ɗaya ƙasa mai laima a bakin taga. Na biyu busasshiyar ƙasa. Na uku ƙasa mai laima amma a kife kwali a kai. Na huɗu a cika shi da ruwa har ya shanye waken. Na ɗaya da na uku a huda gindinsu da ƙusa, in ba haka ba ruwa ya kwanta, iri ya ruɓe.

Cikin kwana uku zuwa biyar wake ke fasowa, da hunturu ya fi jinkiri. Abin da ke ba malamai da yawa mamaki shi ne na cikin duhu ma yana tsira, har ya fi na taga tsawo, sai dai siriri ne, ganyensa ɗorawa. Wato ruwa da iska da ɗumi iri ke nema don ya tsira, haske kuwa sai ganye ya fito. Kada ki riga yara faɗa, bari su ɗaga kwalin su gani.

Inda ake faɗuwa: waken kasuwa da ƙwari suka huda. Ki zuba shi a ruwa tukuna, wanda ya taso sama a zubar. Irin shuka da aka rina da magani kuma kada ya shiga hannun yara, guba ne, kuma ɗan aji uku komai baki yake kaiwa.

Tsohon hedimasta, Katsina
'Ya'yana, kafin a yi nisa a bambanta abu biyu. In malami ya gama koyar da sufuri sannan ya ce kowa ya kawo motar kwali ranar Litinin, wannan aikin hannu ne. Rabin motocin yayye ne suka ƙera, wasu ma kafinta aka biya. Aikin bincike da tambaya yake farawa, tambayar da yaro bai san amsarta ba, kuma a makaranta ake yin sa a gaban malami. Abin da ya tafi gida ya fita daga hannunki.

Batun yawan yara: rukuni kada ya wuce takwas. Yara 80 rukuni goma ke nan. Kowane yaro da aikinsa da suna: mai awo, mai rubutu, mai zane, mai kula da kaya, mai ban ruwa, mai bayani a gaban aji. Duk mako a juya. In ba a juya ba, yarinyar da ta fi kyan rubutu ita za ta yi ta rubutu har zango ya ƙare, yaron da bai iya karatu ba kuma ɗiban ruwa kawai zai koya. Minti 35 ba ya isa ranar kafa aiki, don haka ki roƙi a haɗa miki darasi biyu a jere sau ɗaya a mako. Sauran ranaku minti goma bayan taron safe ya wadatar.

Malamar aji 5, Gusau
Na zango na uku shi ne ma'aunin ruwan sama. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a yanke ta daidai inda kafaɗarta ta ƙare, a kife saman a ciki ya zama mazurari. Gindin gora ba a daidaice yake ba, saboda haka a zuba siminti kamar yatsa uku ya bushe a miƙe, sifili ya fara daga saman simintin. A manna rula a jiki. Tun da faɗin baki da faɗin ciki ɗaya ne, zurfin ruwan da milimita shi ne ruwan da aka yi.

A kafa ta a fili, nesa da indararo da inuwar bishiya, a binne gindin cikin ƙasa ko a tokare da bulo, don iskar farkon damina ba ta barin komai a tsaye. Karatu kullum ƙarfe takwas na safe, a rubuta, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifili, kada a bar gurbin fayau. Daga nan lissafi ya samu abinci: jimillar mako, makon da ya fi, zanen sanduna a kwali.

Malamin kimiyya, Kano
Malama ta Gusau, ƙari biyu. A zaɓi gora mai santsin jiki, mai ƙugu a tsakiya tana ba da awon ƙarya. Sannan siminti na shan ruwan farko, a jiƙa shi ya ƙoshi ko a shafa masa fenti. Kuma a sani tun farko cewa Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a nan, muna hutu. Yuni da Yuli kaɗai za a kama, sai in maigadi ya yarda ya ci gaba da rubutawa.

Malamin firamare, Maraɗi
Mu nan shekarar karatu a Oktoba take farawa, sai ya zo daidai da lokacin lambu. Shawarata kada a fara da tumatir. Reno, dashe, sannan jiran nuna, wata uku ya wuce, yara sun manta tambayar. Alayyafo cikin mako huɗu zuwa biyar ana yanka. Fangali faɗin mita ɗaya, tsawon mita biyu, don hannun yaro ya kai tsakiya ba tare da ya taka ba. Irin ƙanana ne ƙwarai, a cakuɗa shi da yashi kafin a yafa, in ba haka ba ya fito cunkus a wuri ɗaya.

Don ya zama bincike, fangali biyu: ɗaya da taki, ɗaya babu, iri ɗaya, ruwa ɗaya, buta biyu safe buta biyu yamma. Duk Alhamis a auna tsawon tsirrai biyar da aka ɗaura wa zare. Takin ya zama wanda ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi.

Shinge kafin shuka, ba bayan shuka ba. Akuya ɗaya tana share aikin mako uku kafin a tashi tara. Shingen kara gara na cin gindinsa, ƙaya ta fi daɗewa. Ranakun da ba makaranta kuma a rubuta sunan yara biyu na kusa da za su yi ban ruwa, da sanin iyayensu.

Malamin lissafi, Bauchi
Wanda ba shi da ko sisi ya yi na inuwa. Sanda mai tsawon mita ɗaya a saman ƙasa, a kafa ta a miƙe, a gwada miƙewarta da zare mai dutse a ƙarshe. Duk awa a sa tsakuwa a bakin inuwa, a auna da santimita. Yara za su ce inuwa ta fi gajarta ƙarfe 12 daidai. A yankinmu sai wajen sha biyu da kwata zuwa da rabi, wani lokacin ma ya ɗan gota, gwargwadon gari da wata. In aka maimaita a Janairu da Yuni, inuwar tsakar rana a Janairu arewa take kallo, a Yuni kudu. Yaran da ke zuwa Islamiyya nan take suke haɗa shi da zawali da shigar La'asar, su ne ma ke jan ragamar bayanin. Ranar da hazo ya yi kauri bakin inuwa ba ya fita sosai, a ɗage awon.

Malamar aji 4, Zariya
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba na Katsina, saura maki. Yara takwas, aiki ɗaya, yaya zan raba ba tare da zalunci ba?

Tsohon hedimasta, Katsina
'Yata, kada ki ba kyan aikin maki, wake na iya ƙin tsira ba laifin kowa. In maki 20 ne daga na gwajin cikin zango, goma na littafin kowane yaro: kwanan wata, awo, zane, da jimla ɗaya ta abin da ya gani. Biyar na rukuni, kan kula da kaya da cika lokaci. Biyar na tambayar baki, ki kira yaro ba zato ki ce me ya sa na cikin kwali ya yi ɗorawa, ya amsa da Hausa in ita ta fi masa sauƙi. Ki kuma rubuta aikin a cikin tsarin darussanki na mako, kusa da batun da ya dace a manhaja, don in masu duba makarantu suka tarar da yara a waje da gwangwanaye su ga inda aka dosa. Gwangwanayen kuma a kwana da su a ofishin hedimasta, ɓeraye na tone wake da dare.